'Yan Lulluɓin Inna

Ummi da Sadiƙ, na san kun yi magana a kaina a waya bayan na kori mai feshin maganin ƙwari daga ƙofar gida ranar Asabar. Mamanku ba ta iya ɓoye zance ba, fuskarta ce ke tona ta. Na ji an ce Baba ya fara rikicewa, tunda ga ciyawa tana mutuwa fili-fili, ɗansa ya turo mai magani, shi kuma ya fito cikin jallabiya yana ɗaga hannu kamar mai korar awaki daga gona. To, hankalina ƙalau yake. Sadiƙ, na gode da niyyarka, Allah ya yi maka albarka, amma ba za a yi feshi a gidan nan ba muddin ina numfashi. Dalilin yana cikin shekarar da kakarku ta zo, kuma abin da aka gaya muku game da tafiyarta ba gaskiya ba ne. Ni na ƙirƙiro zancen cewa sanyin ƙasar nan ne ya kore ta. Inna ta bar garin nan na Greensboro a Amurka a watan Satumba, ana zufa.

Ba za ku tuna gidan bene na wajen titin Wendover ba sosai, inda muka yi shekaru muna jin tarin maƙwabci ta bango, ina fita aikin sito tun kafin gari ya waye. Da Allah ya ba mu wannan gida na unguwar Pleasant Garden, mu kaɗai ne irinmu a layin. Ranar da muka tare na tsaya na dubi ƙofar kowane gida, na ga ciyawa kore shar, a gyare, babu tsinke ɗaya da ya fi ɗan'uwansa tsawo. A nan na ƙudurta a raina cewa ba za a taɓa nuna gidana a ce tun da mutanen nan suka zo layin ya lalace ba. Ni da na tashi da fartanya a hannu ina yaƙi da ciyawa a gonar geron mahaifina a bayan Gumel, sai ga ni ina sayen irinta a buhu, ina ba ta taki, ina ja mata tiyo da sassafe, ina yi mata aski duk mako. Mamanku ta sha yi min dariya. Ta ce in da zan kula da kaina kamar yadda nake kula da ciyawar nan, da furfura ba ta fito min da wuri ba. Ban damu ba. In na dawo daga aiki na hango koren nan daga kwanar layi, sai in ji ni ma na zama mutum a ƙasar mutane.

A shekara ta biyu ne Inna ta iso, farkon lokacin da itatuwa ke fure. Sai na yi muku bayanin wani abu da ba ku tashi da shi ba. Ni ɗan farinta ne, kuma a wajenmu uwa tana jin kunyar ɗan fari. Sunana Auwalu, amma ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, ko sau ɗaya. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta zama hira da ni, in tana da magana sai ta bi ta bakin wani. Ba rashin so ba ne, kada ku ɗauka haka. A gida ƙanwata Talatu ce ke kai saƙo tsakaninmu, a nan kuma mamanku Binta ta gaji aikin. Don haka ranar da motar ta tsaya a ƙofar gida, Inna ta fito tana gyara mayafi, ta daɗe tana duban ciyawata, sannan ta juya ga Binta, ni kuwa ina tsaye da akwatinta a hannu.

"'Yar nan, ina dabbobin?"

"Waɗanne dabbobi, Inna?"

"Waɗanda maigidanki ke noma wa wannan."

Binta ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce babu dabba, ado ne kawai. Inna ta jinjina kai, ta ce ikon Allah, ta shige ciki.

Ta saba da gidan fiye da yadda na zata. Ta koyi kunna murhu, ta koya wa Binta miyar kukar da ta fi tata, ta karɓe ke Ummi gaba ɗaya, tunda takwararta ce ke, sunanta kika ci, shi ya sa har yau ban iya kiran ki da sunan yanka ba. Abu ɗaya ne ta ƙi, injin wanki. Ta yarda a zuba kayan kowa a ciki, amma ban da zannuwan sallarta. Ta ce ba za ta tsaya gaban Ubangiji da tufar da ba ta ga ruwan da ya ɗauraye ta ba. Binta ta samo mata wani baho shuɗi na roba da 'yar kujera. Kullum bayan la'asar sai ta zauna a gefen gida inda famfon waje yake, wurin da duk mai wucewa a titi zai iya hango ta, ta yi wankinta a tsanake, ta shanya a kan shinge. In ta gama sai ta miƙe ta ɗauki bahon, ta watsa ruwan kumfar a kan ciyawa da faɗi, kamar yadda take watsawa a tsakar gidanmu tun ina rarrafe. Abin yana sosa min rai, zannuwan atamfa a kan shinge suna kaɗawa a idon duniya, amma na haɗiye.

Da zafi ya kankama, sai ta samu wata sabuwar al'ada. In rana ta yi ja, kafin kiran magariba a wayata, sai ta cire silifa ta kama hannunki Ummi, ku riƙa takawa a cikin ciyawa a hankali. Duk inda kuka sa ƙafa sai wasu 'yan ƙwari su tashi. Ƙanana ne, ba su wuce gaɓar yatsa ba, kalar busasshen kara, da ɗan tsini a gaban kai. Ba sa tashi sama. Su ɗan yi nan, su ɗan yi can, taku uku ko huɗu, sai su faɗa cikin ciyawa su maƙale a jikin tsinke, su naɗe fukafukansu a jiki tsam har ka rasa su. Inna ta tsuguna ta kama ɗaya a tafin hannu ta nuna miki.

"Kin ga yadda take naɗe jikinta? 'Yar gidan mutunci ce, ba ta fita ba lulluɓi."

Tun daga ranar suka zama 'yan lulluɓi a gidan nan. Ina zaune a baranda ina jin ki kina ihu, "Kaka, look, ga wata!" ita kuma tana dariya, irin dariyar da ban taɓa ji daga gare ta ba sai daga bayan katanga lokacin ina yaro. Wata rana na ji tana gaya wa Binta cewa in ta lumshe ido tana takawa, sai ta ji kamar hanyar dawowa daga gona ce, da ƙananan abubuwa suna tashi a gaban ƙafa.

"Sai yanzu na yarda ƙasar nan tana da rai," in ji ta. "Ki gaya wa mutumin nan, takardun zama da yake ta zancensu, ya yi. Zan zauna. Talatu ta riƙe awakin."

Ba zan iya kwatanta muku daɗin da na ji ba. Shekara goma sha ina neman wannan kalma. Na bar gida ina saurayi, na yi aure ba ta nan, an haife ku ba ta nan, kullum ina ganin kamar rabin jikina ne kawai ya ƙetaro ruwa. Yanzu ga ta ta ce za ta tsufa a ƙarƙashin rufina.

A ƙarshen watan Yuli ciyawa ta fara ciwo. Da farko wani ɗan tabo ne ja-ja kamar faɗin tafin hannu, a gefen da famfo yake. Kafin mako ya zagayo sun zama biyar, sun fara haɗe baki, wurin ya yi kama da kan yaro mai ƙora. Tsuntsaye suka riƙa sauka da safe suna caccakar wurin. Na ƙara ruwa, na ƙara taki, abin sai gaba yake yi. Na tsaya na duba inda tabon yake da inda Inna ke watsa ruwan wanki, na ga kusan wuri ɗaya ne, sai na yanke hukunci. Ina so ku san wannan, domin shi ne abin da ya fi ba ni kunya: babu maƙwabcin da ya ce min uffan. Ba wasiƙa, ba harara. Ni kaɗai nake ganin duk motar da ta rage gudu a kwana ciyawata take kallo.

Binta ta same ni a gareji ina jujjuya buhun taki ina karanta bayansa.

"Baban Ummi, Inna ta ce a gaya maka akwai tsutsa a gindin ciyawar nan. In ta watsa ruwa suna fitowa sama. Tana zaton 'ya'yan 'yan lulluɓi ne."

Na yi tsaki. Amma na fita da rana tsaka na tsuguna, na buɗa ciyawar da yatsa sama-sama, ban ga komai ba sai busassun tsinkaye. Na dawo na ce wa Binta tsohuwa tana kare wankinta ne kawai. Me Inna ta sani game da ciyawar Amurka? Haka na faɗa, da bakin nan nawa, a kan matar da ta yi shekara hamsin tana duban gindin shuka tana gane abin da ke cin ta.

Ranar da abin ya faru Laraba ce. Na dawo daga aiki a gajiye, raina a ɓace saboda wani ɗan saɓani da shugaban sashenmu, zafi kamar ya dafa mutum. Ina shigowa kwana na hango Inna ta ɗaga baho ta watsa, kumfa ta bazu a kan ciyawar da ta rage, ga kuma wata baturiya mai yawo da kare ta ɗan tsaya a bakin titi tana kallo. Wataƙila zannuwan ne suka burge ta, ban sani ba. Na fito daga mota ban ko rufe ƙofa ba. Ban nemi Binta ba. Na tsaya a gaban mahaifiyata, na dube ta a ido, na ɗaga murya.

"Haba Inna! Nan ba ƙauye ba ne! Shekara biyu ina wahala da ciyawar nan, kin zo kin kashe min ita a 'yan watanni. Don girman Allah ki bar mu mu zauna lafiya da mutane!"

Ba ta dube ni ba. Ta sunkuya ta kife bahon a gindin famfo, ta kwashe zannuwanta daga shinge da jiƙonsu, ta ja mayafinta ta rufe kai, ta bi ta gefena ta shiga gida. Ita baturiyar ta ja karenta ta wuce. Washegari Inna ta miƙa wa Binta zannuwan sallarta a ninke, ta ce a sa a injin. Da yamma, Ummi, kin je kin ja hannunta, ta ce ƙafarta na ciwo. Ba ta ƙara taka ciyawar nan ba.

Bayan mako biyu saƙo ya zo ta hanyar da ya saba zuwa. Inna ta ce hankalinta ya koma kan awakinta, a nema mata jirgi. Binta ta faɗa min a kicin, idonta ya yi ja.

"Ba awaki ba ne, kai ma ka sani. Ka shiga ka durƙusa ka ba ta haƙuri. Minti biyar ba za ta ɗauke ka ba."

"Ai ban faɗi ƙarya ba. Ki duba wajen da idonki."

"Na duba. Ciyawarka za ta sake fitowa, Baban Ummi. Ita fa?"

Na je har ƙofar ɗakinta bayan sallar la'asar. Ina jin ƙarar carbinta daga ciki. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, sai na tsaya ina shirya maganar da zan faɗa, kuma duk yadda na juya ta sai in ji akwai "amma" a ƙarshenta. Ki yafe min, amma sabulun nan. Na yi kuskure, amma ciyawar nan. Na san ba a shiga wa uwa da irin wannan haƙurin, kuma zuciyata ta ƙi sakin gaskiyar da take ganin tana da ita. Sai na sauke hannu, na koma falo, na nemi tikiti. Na lallashi kaina da cewa ta je ta huce, kewar jikoki za ta dawo da ita in sanyi ya wuce. A filin jirgi ta rungume ku, ta daɗe tana yi wa Binta addu'a, sannan ta dubi wani wuri a bayan kafaɗata ta ce Allah ya yi albarka, Allah ya rufa asiri. Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Da lokacin kaka ya shigo na kankare wurin na zuba sabon iri. Ciyawa ta fito kore shar, ta fi da kyau. Har na kira Binta na nuna mata, na ce kin gani, tun da aka daina watsa sabulu. Ta juya ta koma ciki. Gidan ya yi shiru a lokacin sanyin nan. Ina yawan samun kaina a tsaye a ƙofar ɗakin Inna, ɗakin yana ƙanshin man da take shafawa, ga 'yar kujerarta a jingine a bango. In na kira gida Talatu ce ke ɗauka, ta ce Inna tana gaishe ku, tana tambayar takwara. Zancen dawowa kuwa kullum sai a ce sai an ga yadda Allah ya yi.

Da Yuli ya zagayo, tabon ya dawo. Wuri ɗaya, kala ɗaya, tsuntsaye suna caccaka, kuma wata goma ke nan ko ɗigon sabulu bai taɓa ciyawar ba. Tun ranar da na ga na farko na fara zargi, amma na ƙi yarda. Wata Asabar da hantsi ina tsaye a kai, sai maƙwabcinmu Mista Gordon, tsohon nan mai jar hula da ya rasu kuna sakandare, ya tsallako titi. Ya duba, ya ce in jira shi. Ya dawo da bokiti cike da ruwa, ya tsiyaya sabulun wanke kwano a ciki, ya juya da hannu har ya yi kumfa, ya watsa a bakin tabon inda kore ya haɗu da ja. Ya ce in zuba ido. Ba a yi minti biyar ba sai ga su suna fitowa, tsutsotsi masu ruwan toka da ɗigo-ɗigon baƙi, suna murɗa jiki suna hawa tsinkaye. Ya buɗa gindin ciyawar can ƙasa ya nuna min 'yan ramukan da suka saƙa da zare kamar yanar gizo-gizo, inda suke ɓuya da rana. Ya ce 'yan ƙwarin nan da ke tashi da yamma su ne iyayen, suna zubar da ƙwai suna tafe, 'ya'yan kuma su yi ta yankan ciyawa daga tushe. Sun fi son gefen da rana ta fi duka, shi ya sa suke nan wajen famfo.

"Ruwan sabulu shi ne hanyar gane su," in ji shi. "Duk wanda ya san ciyawa haka yake yi. Af, ina mahaifiyarka? Matata tana yawan tambayar ta. Ta ce ta yi kewar zannuwan nan masu kyau a kan shinge."

Na juya na ga Binta a tsaye a baranda, ta ga komai. Ba ta ce ai an gaya maka ba, Allah ya saka mata. Waya kawai ta miƙo min.

A gida lokacin yamma ta yi. Talatu ta ɗauka, na ce ta sa wayar a fili ta kai kusa da Inna. Na ji motsin tabarma, na ji kukan akuya daga nesa. Na durƙusa a nan kan ciyawar, a gaban Mista Gordon da bokitinsa, na faɗi abin da ya kamata in faɗa a ƙofar ɗaki tun bara. Na ce ba wankinta ne ya kashe ciyawar ba, tsutsa ce, kamar yadda ta faɗa. Na ce na ɗaga mata murya a gaban baƙuwa a kan abin da ko akuya ba ta ci. Na ce ta yafe min, ta dawo. Wannan karon babu "amma". Can na ji muryarta, ta yi rauni fiye da yadda na san ta, tana magana da Talatu kamar ba na ji.

"Ki ce masa na yafe tun kafin jirgi ya tashi. Zuwa kuma, in an gama girbi, in jiki ya yarda." Ta ɗan numfasa. "Ki tambaye shi, ya jikin ciyawar?"

Na daɗe ina neman gatse a cikin tambayar nan, ban samu ba. Da ma gatse ne da ya fi min sauƙi. Tambaya ta yi tsakani da Allah, kamar yadda ake tambayar jikin ɗan wani, domin ta ga abin da ɗanta ya fi ji da shi, sai ta gaishe shi da shi. Ban amsa mata ba. Talatu ta yi ta kiran yaya, yaya, har na kashe wayar.

Ba ta kai girbin ba. Talatu ta kira wata safiya ina shirin fita aiki, kuma kafin in samu jirgi an riga an kai ta, kamar yadda ake yi. Na tarar da tudun ƙasa da awaki huɗu.

Maganin da na sayo a ranar da Mista Gordon ya nuna min tsutsar ban taɓa buɗe shi ba. Duk shekara ciyawar nan tana yin tabo a watan zafi, duk kaka tana komawa kore da kanta, ko an yi feshi ko ba a yi ba, ba ta taɓa mutuwa gaba ɗaya ba. Bahon shuɗin yana nan a bayan gareji, ya tsage a baki, kada wanda ya jefar min da shi. Tun da na bar aiki ni nake wanke jallabiyar sallata a cikinsa bayan la'asar, in watsa ruwan da faɗi, duk mai wucewa ya kalla. In rana ta yi ja sai in cire silifa in taka a hankali, su riƙa tashi a gaban ƙafata, su ɗan yi nan, su ɗan yi can, su faɗa su lulluɓe. Ina kewarta, 'ya'yana. Ina kewar muryar da ba ta taɓa kiran sunana ba.

Saboda haka, Sadiƙ, ka gaya wa mutumin naka kada ya dawo. Ummi, in za ki kawo yaran ranar Asabar, ku iso kafin magariba, kuma su zo da niyyar cire takalma. In kun ji bakina yana motsi ina takawa, ba rikicewa ba ce. Tambaya aka yi min ban amsa ba, ita nake amsawa: da sauƙi, Inna, ciyawa da sauƙi.